Kwamfutar Taubashina Mushe Adamu

Ina tsugune gaban wata kwamfuta da ta ƙi tashi, turnabis na kwance kusoshi a bakina, lokacin da wayata ta yi ƙara. Ranar Talata ce da hantsi, cikin sanyi. Mai maganar ya ce shi maƙwabcin Mushe Adamu ne daga Affala. Ya ce Allah ya yi wa Mushe rasuwa bayan sallar asuba, ana jirana.

Na cire turnabis daga baki na ce, "To, na ji. Ka ce mishi in ya ƙare mutuwa ya danna F1, za ta tashi."

Mutumin ya kashe wayar. Na ci gaba da aikina. Sai da ƙanwata ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon, takalminta ɗaya a hannu, sannan na ajiye turnabis. Kafin in samu mota in isa Affala an dawo daga maƙabarta.

Kada ku yi saurin zagina. Adamu taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, kuma tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan baransa ne. Sau biyu kafin wannan ya aiko mini da cewa yana kan gargara. Na farkon na rufe shago na tafi a guje, na tarar da shi ƙarƙashin bedi yana cin ɗanwake, kwamfutarsa tana kan tabarma kusa da shi tana jirana. Ya ce, "Ka gani? In ubangida ya kira, bara tahowa yake." Na biyun ma na je. Na ukun ne ban je da wuri ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuka cika bakin kasuwar Tawa da teburan gyara. Ba na ƙin ku. Hannunku ya fi nawa sauri, idonku ya fi nawa ganin ƙananan kusoshi. Amma na ji ɗayanku yana cewa gyaran tsohuwar kwamfuta ba wani aiki ba ne, in ta ƙi tashi a yi mata formate, a share komai a zuba sabo. Ina so ku ji abin da ke cikin wadda aka kusa yi wa haka.

Adamu malamin lakwal ne, makarantar boko, har ya yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe. Fiye da shekara ashirin yana rubuta abu ɗaya: sunayen mutanen ƙauyukanmu da suka tafi ci-rani Abijan da sauran garuruwan kurmi ba su dawo ba. Wane ne, ɗan wa, a ina ya cika, wa ya yi masa wanka, a wace maƙabarta aka sa shi. Duk wanda ya dawo daga can, kafin ya huta Adamu ya zaunar da shi da shayi yana tambaya. Da farko a kaye, littattafan rubutu na 'yan makaranta, yake rubutawa. Gara ta cinye masa biyu, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta daga wani ofis da ke zubar da kayansa, ya haɗa ta da sola da batir, ya kwashe komai ya zuba a ciki da yatsa biyu. Kayen da suka rage ya ba matarsa Rabi, ta ƙulle ƙosai da su. Abin da ke cikin kwamfutar nan babu shi a ko'ina. Ubana yana cikin waɗanda suka tafi ina da shekara bakwai, kuma ba mu taɓa sanin inda ya kwanta ba. Da damina ta bana Adamu ya kira ni ya ce, "Na samo labarin kawu. In kana so, ka taho da turnabis ɗinka ka karanta da kanka." Na ce sai ranar kasuwa. Kasuwa ta ci sau da yawa ban je ba.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Da rediyo na fara, wurin Maigida Ɗan Bako, mutumin da ke da ido ɗaya da kunnuwa biyu masu kyau. Wata shida bai bar ni na riƙe ƙarfen dalma ba. Aikina in zauna in saurara. Zai kunna rediyon da aka kawo ya ce, "Illa, mi ta ce?" In na ce ba ta ce komai ba, sai ya ce, "Kai ne ba ka ji ba. Sake." Wata rana na gaji na buɗe rediyon wani Buzu ba da izininsa ba, na gyara abin da bai lalace ba. Maigida bai doke ni ba. Ya sa na bi Buzun har garkar raƙuma ina ba shi haƙuri, rediyon a kaina tana ta shuu kamar ana suya. Da ofisoshi suka fara kawo kwamfuta Maigida ya tsufa. Ya kara kunnensa jikin ta farko da aka kawo mana, ya ji ta yi ɗan kuka guda ta tashi, ya ce, "Wagga ma tana magana. Je ka koya."

Kayan aikina ba su cika jakar hannu ba. Turnabis uku, mita ta auna wuta, tsohon buroshin haƙori, famfon keke na hura ƙura, da gom irin wanda 'yan makaranta ke goge fensir da shi. Kuna dariyar gom ɗin nan in kun gani. Ya tashi kwamfutoci fiye da duk faifan formate da ke teburanku. Sauran kayan aikin hanci ne da kunne. Kafin ka danna komai ka sunsuna bayanta, in akwatin wutar ya ƙone za ka ji ƙauri. In ka danna, ka rufe bakinka ka ji. Kuka ɗaya gajere, lafiya lau. Dogon kuka yana maimaituwa, baret ne, 'yan allunan nan sirara masu haƙoran zinariya, ko sun yi datti ko sun goce. In fanka na juyawa amma babu kuka, ka nemi abin da ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba. In kuma ka ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, to diski ne, faifan da ke riƙe da duk abin da aka rubuta, kuma wannan ba kukan da ake wasa da shi ba ne.

Akwai wani Alhaji mai sayar da albasa da ya kawo mini tasa a bayan mota, ya ce aljanu ne, in ta yi minti biyar sai ta mutu. Na tambaye shi inda yake ajiye ta. Ya ce cikin ɗaki, lulluɓe da darduma biyu, don kada ƙura ta shige ta, kuma ko tana aiki ba ya yayewa. Na ce, "Alhaji, kai ma in anka rufe ka haka cikin watan azumin bazara, minti biyar za ka yi." Da na buɗe ta kuma na tarar zanzaro ya gina ɗaki biyu a jikin fankar. Alhaji ya leƙa ya ce ai ya faɗa akwai mazauna. Akwai kuma wata sakatariya da ta zo tana kuka, ta ce shugabanta zai kore ta, kwamfutar ofis ta rubuta baƙin saƙo ta tsaya. Na danna maɓalli ɗaya, ɗan faifan da ta manta a ciki ya fito, kwamfuta ta tashi. Na ce ta zauna ta sha ruwa na rabin awa, don in ta koma da wuri shugaban zai gane.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda kowa ya koma kan babbar waya, ruwa kuma ya ɗauke kafin gero ya yi ido. Wata uku kusan babu wanda ya shigo shagona da kwamfuta. Na koma gyaran tocila da fanka, har da ƙarfen guga. A shekarar nan mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba. Duk bayan mako biyu sai in ga Adamu ya sauko daga motar Affala, kwamfuta a kafaɗa, ɗan buhun hatsi a hannu. Zai dire su ya ce, "Bara, ga aikinka, ga abincinka. Kada a ce ina barin bayina da yunwa." In na buɗe sai in tarar waya ɗaya a cire, cirewar hannu, tsaf. Ban taɓa ce masa na gane ba. Nakan mayar da wayar in yi ta huci kamar na sha wuya.

Na rama, amma irin ramuwar taubashi. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan pil, batir ƙarami kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata kwanan wata. In ya mutu, duk safiya sai ta tsaya ta ce a danna F1 kafin ta wuce. Canza shi bai kai minti biyu ba. Na Adamu ya mutu, ni kuwa na ƙi canzawa. Na ce masa kwamfutar daga ofishin manya ta fito, ta saba da ladabi, sai ya cire hula ya gaishe ta sannan ya danna F1. Ya ce ƙarya nake. Na ce ya gwada. Ya cire hula ya danna, ta tashi. Ya mayar da hula ya kashe ta ya sake kunnawa, ni kuma na taka wayar kalabiye, allon maɓallan rubutu, da ƙafa ta zare, ya danna ta ƙi. Shekara goma malamin da ya koyar da rabin Affala yana cire wa akwati hula. Wani zuwan kuma na sa masa hoton jaki a ekaran, gilashin da take nuna rubutu, na rubuta sunansa a ƙasa. Tun daga ranar bai sake barina da ita ni kaɗai ba. In ina aiki yana tsaye a kaina, ya ce in ya kau da ido zan mayar da kakansa mai kiwon jakai a cikin rubutun.

Shekara biyu da suka wuce ya kawo ta, na kara kunne na ji ƙas, ƙas, siriri can ciki. Na ajiye turnabis na ce, "Adamu, wanga karon ba wasa nike ba. Diskin nan mutuwa zai yi. Bari in kwashe maka abin da ke ciki."

Ya ce, "Ka kwashe ka kai ina?"

"In sa maka a kile, ka aje."

"Hula ta ƙare, yanzu kuma mutuwa. Gobe mi za ka ce? In yanka mata kaza?"

Na rantse masa. Ya ce rantsuwar bara ba ta kama ubangida. Na sayi kile sabo, ɗan abin nan kamar yatsa da ake adana rubutun kwamfuta a ciki, na ba shi, na nuna masa inda ake sokawa, na ce ya yi da kansa in ba ya so in taɓa. Ya karɓa yana dariya. Bayan rasuwarsa aka samu kilen cikin kwallar Rabi, a ledarsa, ba a ko yage ba.

Kwana goma bayan rasuwar, babban ɗansa Nasiru, wanda ya taho daga Abijan, ya danna kwamfutar ta ƙi wucewa. Bai zo wurina ba, ina jin ya ji labarin F1 da na aika ranar rasuwa. Ya kai ta wurin ɗayanku. Ba zan kama suna ba, mai abin ya san kansa, yana yawan sa rigar ƙwallo mai lamba goma. Ya ce wa Nasiru formate za a yi. Allah ya taimake mu ya fara da zare baret don ya nuna ya iya, ya mayar da ɗaya a juye da ƙarfin tsiya, kwamfuta ta daina nuna komai. Da ya mayar daidai, da faifansa ya shiga, da yanzu babu abin da zan ba ku labari. Rashin iyawarsa ce ta cece mu, kuma na gode masa.

Nasiru ya shigo da ita shagona da yamma, ya gaishe ni a tsaye. Ya ce, "Baba Illa, tsohi na ta zuwa gida suna tambaya. Mushe ya yi musu alkawali za a karanta sunayen. Mun ce ranar sadakar arba'in, tunda dangi za su taru. Za ta yi?"

Na ce ya bar ta.

Na sunsuna, babu ƙauri. Na danna, ta saki dogon kuka. Na zare baret ɗin da aka juya, na ga haƙori biyu sun karce amma ba su karye ba. Na goge su da gom har suka yi haske, na hure ramin, na mayar. Ta yi kuka ɗaya gajere. Ekaran ya kawo, ta ce a danna F1. Na kashe ta, na ɗauko sabon pil na sa, wanda ya kamata in sa tun shekara goma. Na sake kunnawa. Ta wuce wurin F1, ta tsaya, ta rubuta cewa ba ta ga diski ba.

Daga nan na yi duk abin da na sani. Na canza wayar diskin, na canza ta wutarsa. Na shiga inda kwamfuta ke lissafa kayan cikinta, wurin diski babu kowa. Na ciro shi na haɗa da tawa, na ɗora shi a tafin hannu don in ji ko yana juyawa. Sai ya ɗan yi ƙugi kamar mai son tashi, ya yi ƙas, ya kwanta. Na juya shi a hannu da sauri kamar mai murza goro a faranti, dabarar da ta tashi wasu. Bai tashi ba. Irin wannan diski ba a matsa masa, kowace kunnawa tana rage masa kwana. Sai in gwada sau ɗaya in bar shi kwana biyu. Haka na yi har ya rage kwana uku a yi arba'in.

Na mayar da komai wurinsa, na ɗaure ta, na shiga motar Affala. Abin da ba ka iya ba, da ƙafarka kake zuwa ka faɗa.

Rabi tana takaba, ba ta fita. Na zauna a tabarma bakin ƙofar ɗakinta, tana daga ciki bayan labule. Ni da ita ma ba mu taɓa magana ba tsokana, amma ranar na yi gaisuwa sosai, na ce mata na kasa.

Ta ce, "Ka shanya ta?"

Na ce, "In yi mi?"

"Shanya. Tun ranar da Mushe ya tahi ba wanda ya hitar da ita rana."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Kai ne hwa ka ce. Shekara huɗu ni ka ɗaukar ta awa jinjiri, in kai ta gindin rumbu, in ruhe ta da baƙin zane, sai ya sha shayi uku sannan in maido ta. Bayana har yau bai daina ciwo ba. Yanzu kuma ka ce ba ka gane ba?"

Sai na tuna. Wani sanyi can baya Adamu ya kira ni ina cin abinci, ya ce tana nawar tashi da safe. Don in samu in gama tuwona na ce masa tsohuwa ce, ɗari take ji, ya shanya ta kamar kuɓewa. Na ƙara da baƙin zane da shayi uku don maganar ta yi ado. Na kashe waya na manta. Mutumin da na rantse masa ya ƙi yarda, wannan ya karɓa hannu biyu.

Ina zaune a tabarmar nan lissafin ya fito mini. A tsakiyar diski akwai ɗan ƙarfen da faifan ke juyawa a kansa, da ɗan mai a jiki. In ya tsufa man yakan daskare, sanyi ya ƙara ƙulle shi. Ɗumi ke sake shi. Shagona kuwa yana bayan dogon gini, rana ba ta leƙa shi. Kwana ashirin da wani abu ina jinyar diskin nan a wuri mafi sanyi a Tawa.

Na ce, "Ina zanen?"

Ta miƙo shi ta ƙarƙashin labule. Ta ce, "Gindin rumbu, ba tsakar gida ba. Nan ta saba."

Nasiru ya hura gawayi ya ɗora shayi. Kafin na farko ya nuna labari ya zaga, mutane sun fara shigowa, suka tarar da mai gyara daga birni zaune yana gadin akwati a rana. Wani ya ce in haka aikin yake shi ma gobe zai buɗe shago. Wata tsohuwa ta shigo da sanda ta zauna nesa kaɗan. Nasiru ya raɗa mini cewa daga wani ƙauye take ta wajen Tebaram, ɗanta guda ya tafi shekara goma sha biyar, wannan zuwanta na huɗu ke nan tun rasuwar.

Muka sha na farko, muka sha na biyu. Na taɓa jikin kwamfutar ta ƙarƙashin zane na ce ta yi. Daga bayan labule Rabi ta ce, "Uku." Muka sha na uku.

Na ɗauke ta da ɗuminta na kai ɗakin Adamu, na haɗa wayoyi, na soka kilen nan da aka samu a kwalla. Zan danna sai na ji muryar Rabi, "Hula." Na cire hula.

Kuka ɗaya gajere. Sannan, can ciki, ƙugin nan ya taso, ya yi ƙas sau ɗaya, ya ci gaba, ya miƙe. Ban taɓa jin sauti irinsa ba a shekara talatin na aiki. Ta ɗauki kusan minti goma tana buɗewa, babu wanda ya yi tari.

Rubutun kashi goma sha ɗaya ne, kowane ƙauye da nasa, kuma kowanne yana da nauyi, don Adamu ya cusa hotunan katin shaidar mutane a ciki. Na ƙarshe a ƙasa ya sa masa suna "Ƙauyen su Illa barana". Diskin yana karantawa yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi. Na san ba zai kai mu ƙarshe ba sai da rabo. In ka kwaso duka a tare ya tsaya a tsakiya, kana iya rasa duka. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma mai gyara ne ke zaɓar na farko.

Nasiru ya ga inda idona yake. Ya sunkuyo ya ce, "Baba, ka hwara da naku."

Ɗakin ya cika, har taga akwai kawuna. Tsohuwar nan ta matso bakin ƙofa, ta dogara da sandarta. Na tuna Maigida Ɗan Bako yana da rediyo tasa ta kansa da ta shekara uku a lalace bisa kanta, kullum ya ce sai ya gama da na mutane. Na ce wa Nasiru, "Daga sama ake farawa."

Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Na uku, na ƙauyen tsohuwar, ya tsaya a rabi, sannan ya wuce. Ina kwafe ɗaya, in buɗe shi daga kile in tabbatar ya zo, in koma. A na bakwai ƙas ɗin ya dawo. A na tara ya zama biyu biyu. Na tara ya shiga. Na danna na goma, ya tafi kaɗan, sai ekaran ya yi shuɗi.

Muka sake shanya ta bayan azahar, har da shayi ukun. Diskin ya yi ƙugi, bai miƙe ba. Na ce a bar shi haka.

Na koma Tawa na buga taran a takarda, na kai aka ɗinke su. Ranar arba'in bayan addu'a Nasiru ya tsaya ya karanta, tun hantsi har rana ta take. Ban san mutane za su iya zama shiru haka ba. Da aka zo kan ɗan tsohuwar, an rubuta garin, an rubuta unguwar maƙabartar, da sunan wani mai sayar da goro da ya yi masa wanka. Ta ɗaga hannu ta ce a sake. Aka sake. Ta ce, "Ashe an yi mishi wanka." Ta tashi ta nemi sandarta.

Mutanen ƙauye na goma sun zo sun same ni, na gaya musu gaskiya, suka ce Allah ya sa da rabo. Kafin in tafi na koma bakin labule na tambayi Rabi ko ta ji abin da aka gaya wa Mushe a kan ubana. Ta ce wani dattijo ne ya zo da damina, sun zauna yini biyu a zaure. Ta kai musu fura ta ji ana maganar wani gari mai gada, ba ta tsaya ba. Sunan dattijon ba ta sani ba, maƙwabta ma kowa da wanda yake zato.

Ta ce, "Da ka zo ranar kasuwar nan."

Na ce, "Da na zo."

"To, a sa hula, rana na dukan ka."

Na ciro diskin na bar musu akwatin. Ku da kuka san kayan zamani, ɗayanku ya ce mini akwai masu buɗe diski a ɗaki marar ƙura a wata ƙasa. Na ji, kuma ban ce ƙarya ba ne. Abin da na sani da kunnena shi ne, diski irin wannan wani lokaci yana da sauran tashi guda a cikinsa, wani lokaci babu, kuma ba ka sani sai ka kunna shi, kunnawar kuma ita ke cinye tashin. Yana cikin aljihun teburina, naɗe a tsumma. Kashi biyu sun rage a ciki, na goma da namu. Ban sake kunna shi ba tukuna.